Tambayoyi da amsoshi kan haɗin zagaye a manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa

Wannan shafi na masu amfani da VNC, Remote Desktop na Windows, TeamViewer, AnyDesk, RustDesk da makamantansu ne, ko ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ofis, ko wanda ke leƙa kwamfutarsa ta gida daga wurin aiki. Matsalar da za mu tattauna ba kullum take faruwa ba, amma ran da ta faru tana rikita ko da gwani.

Mene ne haɗin zagaye?

Shi ne ka shiga wata kwamfuta daga nesa, sannan daga cikinta ka sake buɗe wani haɗin da ya dawo kan wadda kake zaune a gabanta. Mu kira taka A, ta nesa B. Ka shiga B daga A, sai daga B ka koma A. Wani lokaci hanyar ta fi haka tsawo, A zuwa B, B zuwa C, C ta dawo A. Mafi gajarta kuwa ita ce kwamfuta ta shiga kanta da kanta, misali ka rubuta adireshin 127.0.0.1, wanda a kowace kwamfuta yake nufin ita kanta.

Me ya sa nake ganin taga cikin taga cikin taga, har ba iyaka?

Saboda aikin manhajar ke nan: ta ɗauki hoton duk abin da ke kan allo ta aika wa mai kallo. To idan tagar mai kallon tana kan allon da ake ɗauka, ita ma za ta shiga hoton. Sabon hoto ya iso, allo ya canza, manhaja ta ga canji ta sake ɗauka. Wanda ya taɓa zama a shagon aski mai madubi gaba da baya ya san yadda abin yake.

Wannan ya fi faruwa a manhajojin da ke raba ainihin allon da ke gaban mutum. VNC ne kakansu. An ƙirƙire shi a wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a birnin Kambirij na Ingila, aka sake shi ga jama'a a 1998, kuma tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai: hoto ya tafi wajen mai kallo, motsin linzami da bugun madannai su dawo. Bai san abin da ke cikin hoton ba, bai kuma damu ya sani ba. TeamViewer da AnyDesk na Jamus, da Chrome Remote Desktop, sun bambanta da shi wajen yadda suke matse hoto da ratsa intanet, amma su ma allon gaske suke nunawa.

Ai hoto ne kawai. Ina illarsa?

Da hoto ne kawai da ba za a rubuta wannan shafi ba. Babbar illa tana wajen linzami da madannai.

Ɗauki linzami tukuna. Ka kai kibiya cikin tagar mai kallo. Manhajar ta ce wa ɗaya ɓangaren, “kai kibiya wuri kaza.” Ɗaya ɓangaren kuwa, tun da hanya ta zagayo, kibiyarka ta gaske yake motsawa. Idan inda ta sauka yana cikin tagar har yanzu, manhajar za ta ɗauka sabon motsi ne, ta sake aikawa. Daga nan sai ka ga kibiya tana tsalle ta fice gefe, ko ta kafe wuri guda, kana ja tana komawa. Kana ganin alamar rufe taga a kusurwa, amma ba ka da ikon kai hannu gare ta. Masu TightVNC sun san da haka, shi ya sa manhajarsu take zuwa da hanyar shiga-kai a rufe, sai mutum ya buɗe da hannunsa.

Na madannai ya fi muni. Ka danna harafi ɗaya, tagar mai kallo ta karɓa ta aika, a ɗaya ɓangaren a buga shi a tagar da ke gaba. Idan tagar da ke gaba ita ce dai ta mai kallon, harafin ya dawo mafarinsa, yana iya ci gaba da zagayawa. Harafin “a” ba zai yi ɓarna ba. Amma idan Enter ne ko Delete, kuma a tsakiyar rikicin wata taga ta faɗo gaba, ta fayilolin ofis ko wadda ke tambayar “a goge?”, to abin ya wuce wasa. Saboda haka shawara ta farko ga wanda ya faɗa ciki ita ce ya ɗauke hannu daga madannai. Danne-dannen firgici ne ke jawo yawancin asarar.

Yana cin data?

Yana ci. Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, hoto guda idan ba a matse ba ya haura megabait 6. Abin da ke sa a iya aiki ta intanet shi ne manhajar ba ta aika komai sai ɓangaren da ya canza. Allon da ba a taɓa ba kusan ba ya cin komai.

Haɗin zagaye yana rushe wannan dabara. Agogon kusurwa ya sauya minti, canjin zai bayyana a taga ta farko, wannan ya zama sabon canji da zai bayyana a ta biyu, haka har hoton ya ƙanƙance ya ɓace. Idan kuma kibiya na ta tsalle, allon ba zai taɓa hutawa ba. Kwamfutocin biyu su yi zafi, fanka ta kama kuka, layi ya cushe. Wanda ke kan layin intanet na ofis zai ga jinkiri kawai. Wanda ya jona ta wayar salula da datar da ya saya da kuɗinsa, shi zai ji a jikinsa, musamman idan ya tashi ya bar abin a buɗe.

Ni Remote Desktop na Windows nake amfani da shi, ban taɓa ganin waɗannan tagogin ba. Na tsira ke nan?

Ka tsira daga tagogin, ba ka tsira daga matsalar ba. RDP, wato tsarin da Remote Desktop yake aiki da shi, wanda Microsoft ta fito da shi a 1998 cikin Windows NT 4.0 Terminal Server, ba raba allo yake yi ba. Ɗauke zaman aikinka yake yi gaba ɗaya ya kai inda ka shiga. Windows Pro kuma zama ɗaya kawai yake bari ya yi aiki a lokaci guda.

Ga yadda take kasancewa. Kana gaban A, ka shiga B. Daga B ka buɗe Remote Desktop ka koma A da asusunka. Nan take A za ta miƙa zamanka ga B, allon da ke gabanka ya kulle. Yanzu zaman A yana bayyana a cikin B, zaman B kuma yana bayyana a wata taga da ke cikin zaman A, babu ɗan Adam ɗin da ke ganin ko ɗaya. Idan kana gaban A da jikinka, abu ne mai sauƙi: sa kalmar sirri ka shiga, zaman zai dawo maka, haɗin da ya taso daga B ya yanke. Idan kuwa ita A ɗin ma daga waya ko wata kwamfuta ka shigo ta, za a fitar da kai, sai ka sake shiga. Da wani asusu daban aka dawo, Windows zai tambayi mai zama na farko ko ya yarda a cire shi, in bai amsa ba cikin ɗan lokaci a cire shi.

Windows Server ya ɗan bambanta. Yana barin zama biyu na masu kula da shi ba tare da ƙarin lasisi ba, don haka komawa da wani asusu kan buɗe sabon zama. Sai dai ka cinye gurbi na biyu ke nan, abokin aikinka da ya zo gyara da gaggawa zai tarar ba wuri sai ya kori wani.

Wa zai yi haka da gangan? Yaya ake faɗawa ciki?

Kusan ba mai yi da gangan. Yawanci mantuwa ce. Mutum ya buɗe haɗin ya cika allo da shi, ya yi awa biyu yana aiki, har ya manta ba a kan kwamfutarsa yake ba. Bango iri ɗaya, gumaka iri ɗaya. Sai ya tuna da wani fayil, ko ya ga sunan wata kwamfuta a jerin waɗanda aka saba shiga, ya danna. Ashe tasa ce.

Akwai kuma rikicin adireshi. Rauta, wato akwatin da ke jona gida ko ofis da intanet, tana raba adireshi ga na'urori, bayan an ɗauke wuta an dawo da ita tana iya sauya rabon, adireshin da jiya na kwamfutar akantan ofis ne yau ya zama naka. Haka sunan da aka ajiye tun tuni yana iya nuna tsohon adireshi. Wanda ya buɗe ƙofa a rautarsa ta gida don ya riƙa shigowa daga waje, idan ya zauna a kan ita kwamfutar ya gwada adireshin waje, hanya za ta iya fita ta dawo masa.

Sai na masu taimakon juna. Ka shiga kwamfutar ƙanwarka don gyara mata wani abu, ita kuma ta ce bari ta ga yadda taka take, ka karanta mata lambarka, ta shigo alhali naka haɗin bai rufe ba.

Manhajar ba ta iya ganewa ta hana?

Tana gane mai sauƙin. Remote Desktop yana ƙin shigar da kai zaman da kake ciki, ya ce kana da zama a buɗe tuni. Manhajar raba allo ta Mac tana faɗa maka ba za ka iya sarrafa allonka ba. TightVNC da UltraVNC suna da wurin ba da izinin shiga-kai.

Amma duk wannan kariyar ta kwamfuta ɗaya ce mai neman shiga kanta. Da zarar hanya ta bi ta wata kwamfuta, A ba ta ganin komai sai baƙo daga B yana sallama da kalmar sirri daidai. Ba ta da hanyar sanin cewa hannun da ke motsa B yana zaune a gabanta. Idan manhajoji biyu daban ne, ka fita da AnyDesk ka dawo da VNC, to babu ma wadda ta san da zaman ɗayar. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya riƙe: manhaja tana ganin haɗinta ne kaɗai, kai ne kaɗai kake ganin hanyar daga farko zuwa ƙarshe.

Jagorar da nake bi ta ce in buɗe izinin shiga-kai don in yi amfani da SSH. Hakan kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, hanya ce mai kyau ma. VNC na asali ba ya ɓoye abin da ke wucewa, shi ya sa ake cusa shi cikin ramin SSH, wato hanyar haɗi tsakanin kwamfutoci biyu mai ɓoye duk abin da ke bi ta cikinta. Idan an yi haka, sabar VNC da ke nesa, wato ɓangaren manhajar da ke aika allo, tana ganin haɗin kamar daga cikin gidanta ya taso, don haka dole a ba ta izinin karɓa.

Tarkon yana ɓangarenka. VNC yana sauraro a ƙofa mai lamba 5900. Idan ka ce ramin ya buɗe a 5900 na kwamfutarka, alhali kai ma kana da sabar VNC a wannan ƙofa, ramin ba zai samu wuri ba. SSH zai yi gargaɗi a layi ɗaya da ba kowa ke karantawa ba, ya ci gaba da aikinsa. Ka buɗe mai kallo ka nufi localhost, wato kwamfutarka kanta, sai ka faɗa allonka. Maganin shi ne ka zaɓi wata lamba a ɓangarenka:

ssh -L 5905:localhost:5900 suna@kwamfutar-nesa

Sannan ka nufi 5905. Haka ma RDP, wanda ƙofarsa 3389 ce, kada ka maimaita lambar a gida.

Kwafi da liƙawa sun daina aiki, ko suna liƙa tsohon abu. Yana da alaƙa?

Sau da yawa yana da ita. Kowane haɗi yana ƙoƙarin daidaita ma'ajiyar kwafi ta ɓangarorin biyu. Ka kwafa a A, a tura B. Haɗin dawowa ya ga sabon abu a B, ya turo A. Manhajoji da dama suna da dabarar gane abin da su suka aika, amma dabarar kan rikice idan iri biyu suka gauraya. Sakamakon: tsohon kwafi ya danne sabo, ko ma'ajiyar ta daskare, ko babban hoto ya yi ta kai da kawo. A RDP, bayan an yanke zagayen, kashe rdpclip.exe a kwamfutar nesa a sake tayar da shi yakan gyara. Ka kuma tuna duk kalmar sirrin da ka kwafa ta ziyarci kowace kwamfuta da ke kan hanyar.

Sautin da ke maimaita kansa fa?

Shi ma zagayen ne. Sautin B ya fito a A, haɗin dawowa ya kwashe shi ya mayar B. Kashe tura sauti a ɗaya daga cikin haɗin.

Ina cikinsa yanzu, linzami ya ƙi biyayya. Yaya zan fita?

Saki linzamin, kada ka buga komai barkatai. Idan zagayen ya bi ta wata kwamfuta, zare wayar intanet ko kashe rauta. Cikin daƙiƙoƙi hoton zai tsaya, kibiya ta dawo hannunka, ka rufe tagar a natse. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, ba ta taɓa aikin da ba ka ajiye ba.

Amma idan kwamfutar kanta ta shiga ta 127.0.0.1, zare waya ba zai yi komai ba, domin saƙon ba ya fita waje. A nan sai madannai na musamman. A Windows, Ctrl+Alt+Del ba ya shiga hannun kowace manhaja, tsarin ne da kansa yake karɓa. Daga shafin da ya fito ka buɗe Task Manager, ka yi amfani da madannan kibiya ka kashe manhajar. Fita daga asusun ma yana yanke zagayen, sai dai zai tafi da duk abin da ba a ajiye ba, don haka ka bar shi ya zama na ƙarshe. A RealVNC, F8 yana fito da jerin umarni wanda akwai rufe haɗi a ciki. A Remote Desktop, Ctrl+Alt+Break yana fitar da kai daga cikakken allo, Ctrl+Alt+Home yana kai ka sandar haɗi ta sama. A Linux, Ctrl+Alt+F3 yakan kai ka baƙin allo na rubutu zalla, ka shiga ka rubuta pkill vncviewer.

Danne maɓallin wuta har kwamfuta ta mutu, wannan ba na ba kowa shawararsa sai duk waɗannan sun gaza.

Idan kwamfutar da ta rikice tana wani gari, ba kowa kusa da ita?

Nan ne ake gane amfanin ƙofa ta biyu. Idan akwai SSH a kanta, shiga daga waya ko wata na'ura da ba ta cikin zagayen, ka kashe manhajar. A Windows, taskkill /IM mstsc.exe /F yana rufe tagogin Remote Desktop. Umarnin query session yana nuna zaman da ke akwai da lambobinsu, logoff tare da lamba yana rufe wanda ka zaɓa. Duba da kyau kafin ka rufe, kada ka kori wani da ke tsakiyar aiki. Windows 10 da 11 suna da OpenSSH cikin abubuwan da ake iya ƙarawa, saka shi ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ke kula da kwamfuta mai nisa ba tare da wata hanyar shiga ta rubutu ba, ranar matsala sai ya nemi wanda zai je ya buɗe ofis.

Akwai haɗarin tsaro, ko rikici ne kawai?

Akwai, kuma shi ya fi damuna. Lokacin da ka koma A daga cikin B, kalmar sirrin A a cikin B ka rubuta ta. Idan B na wani ne, ko tana ɗauke da manhajar leƙen asiri mai naɗar bugun madannai, ka miƙa mabuɗin gidanka. Idan ka danna “tuna da ni”, duk wanda ya zauna gaban B gobe zai shigo maka ba tare da an tambaye shi komai ba.

Na biyu, rufe tagar waje ba ya rufe ta ciki. A RDP, danna alamar rufewa yana yanke kallo ne kawai, zaman yana nan da ransa, da haɗin da ka buɗe a cikinsa. Mutum ya tafi gida yana ganin ya rufe komai, alhali akwai hanya buɗe daga kwamfutar abokin ciniki zuwa tasa. Ƙa'idar ita ce a rufe daga ciki zuwa waje, na ƙarshen buɗewa shi ne na farkon rufewa.

A ofisoshi masu tsari, ana barin kwamfutar masu kula ta shiga sauran, ba a barin sauran su shigo ta. Katangar tsaro ce ke tabbatar da haka, ba ƙwaƙwalwar ma'aikaci ba.

Ina cikin B, ina bukatar fayil daga A. Idan ban koma ba, yaya zan yi?

Rage tagar, ga kwamfutarka nan a bayanta. TeamViewer, AnyDesk da RustDesk duk suna da sashen tura fayil a cikin haɗin da ka riga ka buɗe. A Remote Desktop, idan ka ba da izinin raba faifai kafin ka shiga, za ka same shi a B ta \\tsclient. Sai dai ka sani B ma ta samu ikon taɓa wannan faifan muddin haɗin na buɗe, kada ka yi haka da kwamfutar da ba ka yarda da ita ba.

Ni da abokin aikina muna so kowa ya ga allon ɗan'uwansa.

Ku yi bi da bi. TeamViewer da AnyDesk suna da umarnin musanya ɓangare, wanda ke juya haɗin guda ɗaya, mai kallo ya koma wanda ake kallo. Idan lallai sai an buɗe biyu tare, a sa ɗaya ya zama na kallo kawai, ba linzami ba madannai, a kuma raba taga guda maimakon dukkan allo. Mai allo biyu yana iya ajiye tagar kallo a allon da ba a rabawa.

Shiga B daga A, sannan C daga B, shi ma haɗari ne?

A'a, muddin bai dawo baya ba. Kamfanoni da yawa haka suke aiki, ta kwamfutar tsakiya guda ake ratsawa zuwa sabobi. Abin da za ka fuskanta shi ne ƙarin jinkiri da ruɗanin wace kwamfuta ce ta karɓi umarni. Ctrl+Alt+End, wanda ke madadin Ctrl+Alt+Del a RDP, a zangon farko yake tsayawa. Don aika shi zango na biyu, mutane kan buɗe madannan kan allo a kwamfutar tsakiya.

Yaya zan riƙa sanin kwamfutar da nake kai?

Ka sa wa kowace kwamfuta launin bango daban, ko a rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a kan bangon. Manhajar BgInfo ta Microsoft tana yin wannan da kanta. Kada ka ɓoye sandar haɗi ta sama. Kafin ka buɗe sabon haɗi, in kana shakka, rubuta hostname a tagar umarni, zai gaya maka inda kake, a Windows da Linux da Mac duka. Ka kuma goge sunan kwamfutarka daga jerin da aka ajiye a kwamfutocin da kake shiga.

Ina so in gwada sabar VNC, kuma kwamfuta ɗaya gare ni.

Gwada daga wayarka, akwai manhajojin kallo na Android da iPhone. Ko ka tayar da kwamfutar kwaikwayo a VirtualBox ka sa sabar a cikinta, ka kalla daga waje. A Linux akwai bambanci mai amfani: x11vnc allonka na gaske yake rabawa, shigarsa daga gida zai haifar da zagaye, amma sabar TigerVNC da aka tayar a matsayin :1 tana ƙirƙirar wani allo dabam a ƙofa 5901, wanda za ka iya shiga daga kwamfutar ba tare da wata matsala ba. Idan dole sai allon gasken za ka gwada, kunna yanayin kallo kawai tun kafin ka haɗa, ka ƙanƙanta tagar, ka ajiye duk aikin da ke buɗe.